Yaya ake gwada janareta, canjoba da UPS na babban gini a tabbatar za su ɗauki lodi?

Mai_Kula_da_Gini ya rubuta:

Assalamu alaikum injiniyoyi. Shawara nake nema kan ginin kasuwanci mai hawa huɗu a Kano: shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, lif ɗaya, famfon rijiyar burtsatse da ɗan ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanan ofisoshi. Janaretan na dizal ne, 250kVA, akwai canjoba mai juya kanta wato ATS, sai UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta da batir in an ɗauke, 20kVA mai batura 32 a ɗakin sabar.

Gwajin da ake yi yanzu shi ne duk safiyar Litinin a tayar da injin minti 10 ba lodi, a kashe. Tunda aka sa sola a rufi, ko an ɗauke wuta lodin da ke kansa ba ya wuce amfiya 80 a kowane layi. Kwanan nan wani baƙin abu mai danƙo ya fara ɗiga daga mahaɗar salansa. Shin wannan tayarwar ta wadatar? In ba ta wadatar ba, me ake gwadawa, sau nawa, kuma wane karatu ake rubutawa? Allah ya saka da alheri.

Bakaniken_Dizal ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta wadatar ba, kuma tana cikin abin da ke jawo ɗigar nan. Abin da ka gani dizal ne da bai ƙone ba ya cakuɗe da kunkunniya. Injin dizal yana son nauyi. In lodi ya yi kaɗan, silinda ba ta kai zafin da zai cinye man duka, ringi ba ya matse bango sosai, bakin nozul ya tara gawayi, tabo, wato turbo mai tura iska cikin injin, ma haka. Ranar da za a ɗora masa cikakken lodi sai ya yi ta tuƙa hayaƙi ya kasa ja.

Ga lissafinka. 250kVA daidai yake da 200kW, don ana ninkawa da 0.8. Amfiya 80 a kan 400V ta ba ka kusan 55kVA, wajen 44kW ke nan, bai kai kashi 25 cikin 100 na ƙarfin injin ba. Ƙa'idar NFPA 110 ta Amurka, wadda mutane da yawa ke aro don irin wannan aiki, ta ce a gwada duk wata na minti 30 a kan lodin da bai gaza kashi 30 cikin 100 ba. A wurinka 60kW ke nan, wajen amfiya 100 zuwa 110 a kowane layi. Injin da ba ya samun wannan, sai a kawo masa na'urar lodin gwaji, lod banki, sau ɗaya a shekara: minti 30 a kashi 50, sannan awa ɗaya a kashi 75. A lod banki mai waya zalla, wanda kVA da kW ɗinsa ɗaya ne, za ka ga amfiya 144 a 100kW, 217 a 150kW. Ka tanadi lita 60 na dizal don wannan kaɗai. A farkon gwajin hayaƙi zai yi baƙi, har tartsatsi na iya fita daga salansa, don haka a kawar da kwali da jarkoki, a ajiye abin kashe gobara kusa. Hayaƙin ya kamata ya washe kafin a gama. In bai washe ba, a ciro nozul a kai gwaji.

Duk minti 15 a rubuta: wutar kowane layi, amfiya, mita wadda za ta tsaya a 50Hz, injin na juyi 1500 a minti, ƙarfin baƙin mai, da zafin ruwa. Yawancin injuna suna zama tsakanin digiri 80 da 95. Abin dubawa shi ne ko zafin ya tsaya wuri ɗaya. In yana ta hawa a hankali a kan lodi ɗaya, akwai matsala ko bai kai inda zai kashe kansa ba.

Abin da na fi so ka riƙe: a yi gwajin ƙofar ɗakin injin a rufe, yadda take zama kullum, kuma da rana tsaka a watan Afrilu in zai yiwu, ba da sanyin safiya ba. Ɗakuna da yawa iskar da lagireto ya fitar tana zagayowa ta koma ciki, saboda ba a sa bututun da zai kai ta waje ba. Da ƙofa a buɗe ba za ka taɓa ganewa ba. Bayan hunturu kuma a haska tocila ta bayan lagireto. In haske bai ratsa ba, ƙura ta liƙe shi, a hure da iska daga ɓangaren da take fita. Filtar iska a duba ta da alamar da ke jikinta, kada a yi ta kakkaɓewa har takardar ta yage.

Sai batirin tayarwa, wanda shi ne ya fi hana injin tashi. Batir 12V mai lafiya yana nuna 12.6 in an cire caja ya huta. Amma wannan karatun ba ya faɗin komai sai ka auna lokacin da kik ke juyawa: in ya faɗi ƙasa da 9.6, ko ƙasa da 19 a tsarin 24V, ya gama. Da zafinmu, shekara biyu a canza shi ko yana tashi. A tabbatar cajar bango tana ba da 13.2 zuwa 13.8. Tankin mai kuma duk wata a shafa man gwajin ruwa a sandar awo a zura har ƙasa. In launi ya canza akwai ruwa, a tsiyaye ta ƙasa.

Mai_Wayarin_Masanaantu ya amsa:

Injiniya ya gama da injin. Amma Malam, lod banki injin kaɗai yake gwadawa, bai san da canjoba ba. Kuma danna maɓallin gwaji a allon sarrafa injin, irin na Deep Sea ko makamancinsa, ba ɗaya ba ne da ɗauke wuta. Gwajin gaske shi ne ka sauke babbar birekar da wutar KEDCO ke shigowa ta cikinta, kana riƙe da agogo.

Kafin nan a sauko da lif ƙasa, a tabbatar ba kowa ciki, a sanar da masu haya, a tsayar da mutum ɗaya wurin injin, ɗaya wurin canjoba, ɗaya a ɗakin saba. Sai a ƙirga: daƙiƙa nawa kafin kik ya juya, yawanci 1 zuwa 3, nawa kafin wutar injin ta daidaita, nawa kafin canjoba ta juya. Inda rai ke rataye da wuta, kamar asibiti, ma'aunin Amurka daƙiƙa 10 ne gaba ɗaya. Ginin shaguna zai iya jure 15 ko 20, amma a rubuta adadin, don ranar da ya fara ƙaruwa ka san wani abu ya fara gajiya. Bayan minti 30 a mayar da bireka. Canjoba kada ta koma nan take. A saita ta ta jira minti 5 ko fiye, saboda wutarmu takan dawo ta sake ɗaukewa cikin minti ɗaya. Injin kuma ya ci gaba da juyi ba lodi wajen minti 5 don tabo ya huce.

Akwai gwaji biyu da ake mantawa, alhali su ne matsalarmu ta kullum. Na farko faɗuwar layi ɗaya: a zare fis ɗin awo na layi guda a canjoba, a ga ko za ta gane ta tayar da injin. A maimaita a kowane layi, domin wasu masu arha layi ɗaya kawai suke kallo, sai famfo da injin lif su ci gaba da juyi a kan layi biyu har su ƙone. Na biyu raunin wuta. A duba saitin: ta saki wutar gari in ta faɗi wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100, ta karɓa in ta dawo kashi 90 ko sama. In tazarar ta yi kusa da juna, canjoba za ta yi ta kai-komo har kwantakta, wato makunnin da ke haɗa wutar a cikinta, ta cinye.

A duba juyin layuka da mitarsa a ɓangaren injin da na gari, musamman in an taɓa kwance waya. In sun saɓa, famfo zai juya baya. A gwada makullin da ke hana kwantaktoci biyu shiga tare, na ƙarfe da na waya duka, wuta a kashe ta ko'ina. Wannan batun rai ne: janaretan da ya tura wuta baya zuwa taransifoma zai iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya.

Lokacin da lodi ke kai, a tayar da famfo da manyan AC ɗaya bayan ɗaya ana kallon allo. Motar lantarki, irin ta famfo, mai tashi kai tsaye tana jan ninki 6 zuwa 7 na amfiyarta. In wuta ta nutse fiye da kashi 20 cikin 100, ƙananan kwantaktoci za su fara saki. Maganin shi ne a jera su da taima, tazarar daƙiƙa 10 ko 15, kada su faɗo wa injin lokaci guda. In akwai kyamarar zafi, a haska mahaɗun waya bayan minti 20: layin da ya fi 'yan'uwansa zafi a kan amfiya ɗaya, noti ne ya saki.

Solar nan ma a bincika. In inbatar mai haɗuwa da layi ce kuma tana aiki tare da janareta, ita ce ke ƙwace masa lodi, kuma ranar Lahadi da shaguna ke rufe tana iya tura wuta cikinsa. Ko dai a sa na'urar da ke rage ta don injin ya riƙe kashi 30, ko ta fita duk lokacin da injin ke aiki.

Kuma duk wanda ya gama aiki ya mayar da allon kan AUTO, ya duba jan maɓallin gaggawa ba a danne yake ba. Wannan ya zama layin ƙarshe a takardar gwaji, da sa hannu.

Injiniya_Mai_Batir ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. UPS na iya nuna batir cike kashi 100 ya mutu cikin daƙiƙa 30, don abin da yake aunawa wutar caji ce. Baturan 32 a jere suke, guda ɗaya ya lalace duk layin ya tafi. Duk wata uku a auna kowane batir shi kaɗai, a kan caji ya nuna 13.5 zuwa 13.8, a duba kumburi da farin gari a kan tasha. Sau ɗaya a shekara a sauke su da gaske: a mayar da sabobi kan layin kewaye, wanda ba ya bi ta cikin UPS, yayin da janareta ke aiki, a ɗora wa UPS lodin gwaji, ana auna kowane batir duk minti 2 ko 3. Wanda ya riga sauran faɗuwa zuwa 10.5 shi ne mai laifi. In layin bai kai kashi 80 cikin 100 na lokacin da aka rubuta masa ba, a canza duka. Sabo cikin tsofaffi ba ya daɗewa. An yi lissafin rayuwarsu ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba ta biyu, don haka AC na ɗakin ya kasance a layin janareta.

Ranar gwajin bireka, wanda ke ɗakin saba ya lura ko UPS ya karɓi wutar injin. Wasu sukan ƙi ta in mitar wutar, wato 50Hz ɗin nan, na rawa, su zauna a kan batir har ya ƙare alhali gini duk da haske. Ana faɗaɗa saitin mitar da yake karɓa, amma a fara duba gwamnan injin, wato na'urar da ke daidaita saurin juyinsa. Fitilun matakala masu batir kuma a gwada su daƙiƙa 30 duk wata, minti 90 duk shekara.

Mai_Kula_da_Gini ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Hayar lod banki na da tsada. Ba za a iya amfani da lodin ginin kansa ba?

Bakaniken_Dizal ya amsa:

Za a iya, Malam, don gwajin wata-wata shi ya ma fi, tunda yana bi ta canjoba da wayoyin ginin. Ka zaɓi ranar aiki wajen ƙarfe 2 na rana, a kashe inbatar sola, a kunna AC duka da famfo, a sauke birekar gari. In mita ta nuna amfiya 110 ko sama na minti 30, ka cika sharaɗi. Amma lodin gini ba zai kai ka kashi 75 ba, kuma a nan ne lagireto mai datti, fanbel da ya saki da filtar mai da ta fara toshewa ke bayyana. Tunda ɗiga ta riga ta fara, a kawo lod banki sau ɗaya yanzu, a yi juyen baƙin mai a canza filtoci bayan an gama, domin dizal na iya tsinka baƙin man.

Ka kuma karanta farantin da ke jikin injin. In 250kVA ɗin na jiran ko-ta-kwana ne, ma'aunin ISO 8528 ya ba shi kimanin awa 200 a shekara. Ginin da ke kunna injin kullum ya wuce wannan cikin 'yan watanni, don haka sai a yi lissafi da adadin aikin yau da kullum da ke farantin, wanda yakan gaza da kusan kashi 10 cikin 100. Da shi za ka fitar da kashi 30, 50 da 75 ɗinka, juye kuma a bi awoyin da ke mitar injin, yawanci duk awa 250, ba kalanda ba.