Turancin talla: malami ne ko ɓata-yara?

Malama: Assalamu alaikum. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Turancin talla ɓata yara yake yi, bai kamata ya leƙo aji ba. Daren jiya ina makin jarrabawar 'yan aji uku, yara huɗu sun rubuta min "nite" maimakon "night", ɗaya kuma "lite". Da safe na tsare su, suka ce ai haka suka gani a jikin kwalba da allon bakin titi. In yi mako guda ina nuna musu inda "gh" ke zama, allo ɗaya ya rushe min aiki.

Auta: Wa alaikumus salam. Anti, ban ƙi ta taki ba, amma ni Turancina na farko a talla na tsince shi. Tun ban san mene ne umarni a nahawu ba na haddace "Just do it", taken da Nike ke amfani da shi tun 1988. Ga kuma "A diamond is forever", wanda wata mata, Frances Gerety, ta rubuta wa kamfanin lu'ulu'u na De Beers a 1947. Jimla ce cikakkiya, har da 'yar "a" ɗin nan da mu Hausawa muke yawan yarwa saboda babu irinta a harshenmu. Wane littafin aji ne ke manne wa yaro jimla a ka haka?

Baba Hedimasta: Yaro, tsintar masu kyau ka yi ka kawo mana. Wannan rigimar ta girme ka, ta girmi Malama. A 1954 masu sigarin Winston a Amurka suka fito da "Winston tastes good like a cigarette should". Masana nahawu suka yi ca, suka ce "as" ya kamata a sa a gurbin "like". Walter Cronkite, fitaccen mai gabatar da labarai, ƙin faɗarsa ya yi yadda aka rubuta. Ka san me kamfanin ya yi? Bai gyara ba. Daga baya ma sabuwar talla ya fitar yana tambayar mutane wanne suke so, nahawu mai kyau ko ɗanɗano mai kyau. Da gangan suke yi, domin kuskure na tsayar da ido. Haka Heinz, masu waken gwangwani, suka yi a Ingila a 1967 da "Beanz Meanz Heinz", haka Apple a 1997 da "Think different", inda malami zai so ya ga "differently".

Mai Fenti: Ranka ya daɗe Baba, ku bar ni in sa baki, tunda mu ake zagi a fakaice. Shekarata goma sha ina rubuta allo. Mai shago zai kawo min falle ɗaya na kwano, ya ce in sa sunan shago, da kayan da yake sayarwa, da lambar waya, kuma a iya karantawa daga tsallaken titi. "Night" harafi biyar, "nite" huɗu. Wallahi wani lokaci lissafin ke nan, babu wata falsafa. Na taɓa gyara wa wani, ya dawo da allon a kan babur ya ce ba haka na maƙwabcinsa yake ba.

Dakta: Malama, Allah ya huci zuciyarki. Ni ina ganin ma'aunin ne ba daidai ba. Kalmar "slogan" kanta daga harshen Gelik na mutanen Sikotlan ta fito, asalinta ihun da mayaƙa ke yi idan za su afka wa abokan gaba. Kirari ke nan. "Advertise" kuwa daga Latin take, ma'anarta juyo da hankali. "Brand" kuma lalas ɗin da ake yi wa shanu da ƙarfe mai zafi don a san mai su. To wa ke auna kirari da ma'aunin wasiƙar neman aiki? Idan aka ce Kano tumbin giwa, babu mai tashi ya ce ina aikatau. Kuma abin daɗaɗɗe ne. Tallar farko da aka sani an buga da Turanci ta William Caxton ce, wani mai buga littattafai, wajen 1477 a Westminster ta Ingila, yana tallar littafin jagorar ibada na limaman coci. Ya rubuta "plese", ya rubuta "good chepe", ya ƙare da roƙo cikin Latin cewa kar a cire takardar. Da Malama ta same shi, jan biro zai sha.

Baba Hedimasta: A'a Dakta, kar ka yi mana wayon 'yan boko. Zamanin Caxton rubutun Turanci bai zauna ba, kowa yadda ya ji yake rubutawa. Ƙamus ɗin Samuel Johnson ma sai 1755 ya fito. Caxton bai karya doka ba, dokar ce ba a gama kafawa ba.

Malama: Yawwa Baba. Batun kirari kuma, Dakta, nan ne ma ka ba ni gaskiya. Yaron da ya ji "tumbin giwa" ya riga ya iya Hausa tun a bayan uwarsa, ya san wasa ake da harshe. A Turanci bai san daidai ba balle ya gane an karkace da gangan. Bature ya ga "Beanz" ya yi murmushi, nawa yaron ya gani ya kwafa a takardar WAEC.

Dakta: Wannan na karɓa, ban da ja. Sai dai ko kin hana tallar shiga aji, tana jiransu a bakin ƙofar makaranta da cikin waya. Ki shigo da ita ki fede ta a gabansu. Ɗauki "I'm lovin' it" na McDonald's, na 2003: ga darasin aikatau irin su "love" da "know" da ba kasafai ake maƙala musu "ing" ba, ki tambaye su me ya sa aka yi a nan. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne kwatancen da ba a ƙarasawa. A rubuta "washes whiter", wato ya fi fitar da fari. Ya fi wa? Ba za su faɗa ba, don kar a kama su. Ko "up to 50% off": wannan "up to" ɗin tana nufin ragin zai iya kaiwa rabi, zai kuma iya tsayawa a kashi biyu. Ko "helps fight", sun ce yana taimakawa, ba su ce yana warkarwa ba.

Auta: Wallahi "up to" ɗin nan ta taɓa cin kuɗin motata. Na je wani kanti da murna, ashe safa kaɗai aka yi wa ragin rabi.

Baba Hedimasta: To ka ga, da ka tsaya a darasin nahawu da kuɗinka na aljihu. Ni dai ban sauka ba. A fara da doka, sai yaro ya kai aji biyar a nuna masa masu karya ta.

Malama: Aji biyar ya yi nisa Baba, kafin nan "nite" ta yi jijiya. Zan gwada da 'yan aji uku ranar Laraba, darasi ɗaya tak, su nemo kuskuren da kansu su gyara. In ya rikita su, zan dawo nan in faɗa, kuma Dakta ne zai zo ya yi makin. Malam mai fenti, a taimaka min da hoton alluna goma.

Mai Fenti: An gama Malama, gobe da yamma. Amma na abokan sana'a zan ɗauko, ban da nawa.