Tsohon murhun gas na Baba: in canza tiyo da regileta ko in haƙura da shi?

Uwar Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Cikin kayan da aka raba mana bayan rasuwar Baba akwai murhun gas na tafiya, mai kai biyu, wanda ake rufewa kamar akwati. Direban babbar mota ne, a kansa yake dafa shayi da taliya a hanyar Legas. Ƙarfen lafiya lau, ko tsatsa babu. Sai dai tiyon ya bushe, in an lanƙwasa shi sai ya tsattsage kamar faso, regiletan kuma, wato abin da ke daidaita ƙarfin gas, ya ƙi hawa bakin tukunyata ta gas mai kilo 6. A bayan murhun an buga 30 mbar. Wane irin regileta zan saya, kuma nawa zai ci har da tiyo? Wallahi so nake in sake ganin wuta a kansa.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba. Mai kilo 6 ai ba ta son tiyo. Ki sayi kan wuta ki ɗaura mata kai tsaye, kin huta.

Uwar Biyu, Mabera:
Ina da shi, Yaya. Na Baba nake son tayarwa.

Ɗan Kabu-kabu:
Hajiya ki jira Afrilu. Aza tukunya bisa dakali da azahar, ranar Sakkwato ta dahe miki wake kyauta.

Inna ta Runjin Sambo:
Ɗiyata, wagga magana ba ta dariya ba ce. Bara waccan da hunturu tiyon ƙanwata ya tsage wajen baki. Mai gidanta ya ce kuɗi sun yi wuya, ya yanke wurin, ya maida, ya ɗaure da robar tayar mashin. Sati uku ana girki lahiya lau. Wani dare ta kashe murhu, ba ta kashe daga kan tukunya ba, ta ja ƙofa da taga saboda ƙura. Da asuba ta shiga aza ruwan kunu. Mura takai, hancinta bai ji komi ba. Ashana guda ta ƙyasta. Wutar ƙasa ta bi, ta kama zanenta tun daga ƙahwa. Wata biyu munka yi asibiti. Ni ka riƙe ta in za a wanke ciwon, kuma har yau ban iya jin ƙarar almakashi bisa tire. Awakinta huɗu duk sun tahi wajen magani. Ga ta nan da rai, amma ba ta iya zama bisa tabarma sai kujera. Ki sa murhun nan cikin akwati ki yi ma mahaihinki addu'a, ya hi.

Maman Ɗalibai:
Innalillahi. Allah Ya ƙara mata lafiya, Inna. Ni gawayi na koma, hayaƙinsa ya fi min kwanciyar hankali.

Malam Injiniya:
Allah Ya ba ta lafiya. Amma Inna, murhun bai da laifi, robar taya ce da rufe taga. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, shi ya sa wutar ta bi ƙafa. Uwar Biyu, 30 mbar ɗin nan, wato ƙarfin gas da murhun ke ɗauka, shi ne amsarki: regileta mai ƙaramin ƙarfi za ki nema, shi ma an rubuta 28 ko 30 a jikinsa. Kada a sayar miki da mai babban ƙarfi irin na masu tuya a bakin titi, wutar za ta riƙa tsalle daga kan murhun. Bakin mai kilo 6 yawanci na murɗawa ne, na mai kilo 12.5 na dannawa, to ki faɗi wanda kike so. Tiyo kuma na gas, ba na ruwa ba. Mai kyau yana da shekarar da aka yi shi a jiki, kada ya wuce shekara 5. Kilif biyu na ƙarfe, gaba da baya. In an haɗa, ki kaɗa kumfar omo ki shafa a kowace mahaɗa, kin ga ƙwai na tasowa to yoyo ne. Ban da gwaji da ashana.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Injiniya, karatu daban, hannu daban. Shekara 18 ina wanga aiki. Murhun da ya daɗe aje, ko ka sa mai regiletan zinari ba shi kamawa, don zanzaro ya gina laka cikin bututun. Na sha buɗewa in kakkaɓo ƙasa cike da cokali. Sannan 'yar baƙar robar da ke bakin tukunya, ita ta hi yin yoyo. Hajiya ki kawo murhu da tukunya tare. Regileta 6,500, tiyo yadi 1,500.

Baban Yara:
6,500? Watan jiya 11,000 na saya a titin Emir Yahaya.

Bagobiri:
An ci ku duka. Illela 4,000 na ɗauko nawa, shekara guda ke nan.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Ɗauke shi ka ji nauyinai, Bagobiri. In ya yi kama da gwangwanin madara, ka san abin da ka saya.

Malam Injiniya:
Zancen zanzaro gaskiya ne. Abin da nake ƙi shi ne masu gyaran da ke zura allura su faɗaɗa ɗan ramin da gas ke fitowa. Daga nan sai jar wuta da baƙin gindin tukunya.

Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa:
Ka taɓa ganin na yi? Kai ko sifana ka taɓa riƙewa?

Inna ta Runjin Sambo:
Ku yi ta gardama. Ba ku kunka kwana asibiti ba.

Maman Ɗalibai:
Ni ba ma yoyo kaɗai ya kore ni ba, har da awo. Kilo 6 nake biya, da can tana kai min sati biyar, sai ta koma uku, girki bai ƙaru ba. Ranar da na ce yaron ya auna tukunyar babu komai kafin ya ɗura, sai ya ce sikeli ya lalace.

Bagobiri:
Wani ma da ƙahwa yake danne sikelin yana maka hira.

Malam Injiniya:
Nauyin tukunya wofi an buga shi a jikinta. Ki haɗa da kilon da kika biya, ki auna a wani shagon. Sai dai kada ki ce a cika ta maƙil, kashi 80 cikin 100 ake zubawa don gas na kumbura da zafi, balle namu na nan.

Uwar Biyu, Mabera:
Na gode duka. Inna, labarinki ya hana ni barci jiya. To yanzu in fara kai shi a duba bututun, ko in fara sayen regiletan?

Ɗan Kabu-kabu:
Maman Ɗalibai, wane shago ne mai lalataccen sikelin? Kada dai wanda nike kai ma fasinjoji tukunya ne.

Maman Ɗalibai:
Ba zan faɗi suna a nan ba. Ka dai tafi da sikelinka.