Suna saura kwana uku: a yi wa Baba takwara ko a'a?

Angon ƙarni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar ne suna in Allah ya kai mu. Na san kowa na jiran in yi wa marigayi Baba takwara, amma ra'ayina daban ne. Duk yaron da anka sa wa sunan kakansa, sunan ya ɓace ke nan. Ni ba ni iya faɗin Usman, mai jego ba ta iyawa, balle Inna. Kafin a yi arba'in ya koma Abba ko Shehu. Mi ne ne amfanin yanka rago kan sunan da ba mai kira?

Gwaggo: Ɗana, Allah ya raya mana. Wa ya ce maka Shehu ɓatar da Usman ne? Nan Sakkwato in ka ce Shehu, ko yaro ya san Usman kake nufi, albarkacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Haka Bello ke bin Muhammadu, Atiku ke bin Abubakar, Nana ke bin Asma'u. Shehu Shagari ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, sunansa na yanka Usman, wa ya ce ya ɓace? Ɓoye suna kunya ce da girmamawa, kuma da ita munka tashi.

Auta: Gwaggo ki yi haƙuri, ni bayan Yaya nike. Zamanin takardu muke ciki. Akwai yaro a unguwarmu, takardar haihuwa Usman, shedar firamare Shehu, katin ɗan ƙasa kuma Abba. Da ya zo cika fom ɗin jami'a sai da ubansa ya kai shi kotu anka yi takardar rantsuwa, suna ta zirga-zirga cikin rana har lokacin rajista ya kusa wucewa.

Kawu: Wannan sakacin iyaye ne wajen rubutu, ba laifin lakabi ba. Ni abin da ke damuna daban ne. Lakabin da, tarihin gida yake ba ka. Ka ji Tanko, ka san mata ya biyo. Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Jummai ranar Juma'a ta zo. In ka ji Ajuji kuwa, uwar ta sha binne 'ya'ya kafin wannan ya tsaya, har ta nuna kamar ba ta damu da shi ba don tsoron kada shi ma ya tafi. Yanzu fa? Tun ana ciki an shiga intanet an zaɓo Amira ko Walida ko Khalifa, gida goma suna ɗaya. Wannan ne ke binne suna, ba kunyar Inna ba.

Malam: Ku ji ta ɓangaren addini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa sunan kakansa Annabi Ibrahim, don haka takwara na da asali. Shi da kansa ya kira Sayyidina Ali da Abu Turab, kuma Ali na son wannan laƙabin ƙwarai. Abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana shi ne jifan juna da miyagun laƙubba. Zaɓen suna kuwa haƙƙin uba ne, sai dai shawara da mai jego abu ne mai kyau. Ka tambaye ta?

Angon ƙarni: Na tambaye ta, Malam. Ita ma Usman take so, ta ce Baba ya riƙe ta kamar ɗiyar cikinsa. To na ji, amma kan batun takardu ban sauka ba. Abin da liman ya faɗa wa jama'a safiyar Asabar, shi za a rubuta a asibiti da makaranta, ba ƙari.

Gwaggo: Ka rubuta ko'ina kake so. Ni dai bakina ba ya faɗin sunan yayana, Shehu zan kira shi. Ka aiko a karɓi goro da dabino wajena ranar Juma'a, kuma a tuna wa wanzami da wuri.