Z80 kwafin Intel 8080 ne, ko ƙage ake yi masa?

Malam Sani: Ni har yanzu ina kan bakana: masarrafin kwamfuta (CPU) Z80 dai 8080 ne aka sauya wa riga. Federico Faggin da Masatoshi Shima ne suka ƙera 8080 a Intel, ya fito a 1974. Faggin ya fice ya kafa kamfanin Zilog, Shima ya bi shi, sai ga Z80 a 1976 yana tafiyar da CP/M, babbar manhajar da aka rubuta don 8080, ba tare da an taɓa ko layi ɗaya ba. In ba kwafi ba, me za a kira wannan?

Injiniya Hauwa: Malam, duba allon 8080 tukuna. Wuta uku yake ci: +5, −5 da +12 bolt, kuma −5 ce ya kamata ta fara shiga, ita ce kuma ta ƙarshen fita, in aka saɓa masarrafin na iya lalacewa. Agogonsa bugu biyu ne, sai an kawo guntun 8224 ya samar da shi, sannan guntun 8228 ya tsamo siginar sarrafawa daga layin bayanai. Z80 kuwa +5 kaɗai, bugu ɗaya, siginonin sarrafawa MREQ, IORQ, RD da WR kowanne da ƙafarsa. Duka biyun ƙafa 40 gare su, amma ba ka zare wannan ka soka wancan.

Malam Sani: Ai 8085 na Intel ma ya koma +5 kaɗai. Wannan gyaran waje ne, Injiniya. Zo mu shiga umarni.

Bashir: Nan Malam yana da ɗan gaskiya. Cikin gurabe 256 na lambobin umarni, 8080 ya cike 244, saura 12. A waɗannan ramukan Zilog ta yi gininta: lambobin CB, DD, ED da FD suka zama ƙofar sababbin umarni, sauran takwas ɗin suka tafi ga umarnin JR, DJNZ, EXX da EX AF. Ta nan aka samu rijistocin (ƙananan ma'ajiyoyin cikin masarrafi) IX da IY, da umarnin LDIR, wanda za ka sa mafari a rijista HL, masauki a DE, adadi a BC, ya kwashe memori da umarni ɗaya.

Injiniya Hauwa: Kuma "ba a taɓa ko layi ɗaya ba" bai shafi kowace manhaja ba. Ku haɗa 7F da 01 a ƙirgan hex (tushe 16), amsa 80. A 8080 tutar P, alamar da ake sawa bayan lissafi, tana ƙirga bit masu 1 da ke cikin amsar: in adadinsu cika ne ta tashi 1, in mara ne ta sauka 0. Guda ce tak, sai ta sauka 0. A Z80 wannan tutar, bayan lissafi, ambaliyar lamba (amsa ta wuce iyakar 127) take nunawa, sai ta tashi 1. Umarnin JPE, mai tsalle in tutar tana 1, da ya biyo baya zai bi wata hanya daban. Abin da ya kayar da manhajar Altair BASIC a kan Z80 ke nan har sai da aka yi masa faci. A ciki ma sashen lissafin Z80 bit 4 ne, yana yin aikin a zagaye biyu, na 8080 kuwa 8 ne.

Malam Sani: To ku ce ɗa ne da ya ɗara uba, amma gidan na uban ne.

Bashir: Uban bai san sabunta cajin DRAM ba, Malam, wato memorin da ke mantuwa in ba a sabunta shi. Z80 na yin sa da kansa ta rijista R, shi ya sauƙaƙa ƙera injina masu araha. Sai dai bit bakwai kaɗai cikin takwas na R ke ƙirgawa, layi 128, daidai da memorin 4116. Ka saka irin 4164 mai neman layi 256, rabin layukan ba za su samu sabuntawa ba, bayanai su riƙa zubewa, sai ka ƙara maƙirgi a waje ya samar da bit na takwas.