Tseren mota a kan laka a Amurka, kwaltar ce babu ko kuwa?

Bakanike_Kofar_Ruwa: Assalamu alaikum. Yarona na gareji ya nuna min bidiyo a YouTube: motoci masu wani faffaɗan fiffike a ka suna zagaye fili a karkace, ƙura ta turnuƙe. An rubuta Eldora. Abin da ya ɗaure min kai, ƙasar da ke da kwalta har lungu, me ya kai su tsere a kan ƙasa? Kuma yaya mota ke shan kwana a gicciye ba ta kife ba?

Direban_Tirela_Ohio: Wa alaikumus salam, Oga. Ka taɓo inda nake so. Eldora, wato filin tseren da ka gani, tana yammacin jihar Ohio, kusa da wani ɗan ƙauye Rossburg, gonakin masara ta ko'ina. Wani makaɗi mai gidan rawa, Earl Baltes, ya buɗe ta a 1954. Da farko rubu'in mil ce, a 1958 ya mayar da ita rabin mil, kamar mita 800. Ba rashin kuɗi ya hana su zuba kwalta ba, lakar ce abin kallon.

Da rana tankar ruwa ke jiƙa filin, a bi a daddanne. Farkon dare ƙasar na da danshi, taya na kamawa. Can tsere ya yi nisa sai tsakiya ta bushe ta yi sulɓi, lakar da tayoyi suka watsa ta taru gefen katanga. Masu ƙarfin hali nan suke bi, tayar baya na jingine da wannan tudun, saura ƙiris su gogi bango. Hanyar da ta ci a zagayen farko ba ita za ta ci a na ƙarshe ba, sai direba ya iya karanta ƙasa.

Ranar da na je, a ƙasa-ƙasa na zauna. Wata dattijuwa da ke gefena ta kalle ni ta miƙo min tabarau irin na masu walda, farare. Da aka saki motocin na gane dalili: ɓurɓushin laka har cikin kofin lemona.

Injiniya_Maradi: Oga Bakanike, batun kwana kuwa, dubi tayoyin baya da kyau. Ta dama ta fi ta hagu girma da faɗi, don haka motar da kanta take son karkata hagu, kuma hagu kawai ake zagayawa. Direba zai jefa bayanta waje, ya juya sitiyari dama, ya riƙe ta da totur. Fiffiken yana danne ta ƙasa. Babu giya irin wadda ka sani, babu sitata, a-kori-kura ke tura ta ta tashi. Man ma ba fetur ba ne, metanol ne, wani nau'in sifirit.

Bakanike_Kofar_Ruwa: Ikon Allah! Wato su ma sai an tura, kamar Bolsuwajar marigayi kawuna. To ana samun wani abu, ko dai ɓarin kuɗi ne?

Direban_Tirela_Ohio: A Eldora kam ana samu. Baltes ya fara gasar World 100 a 1971, sai Kings Royal a 1984, inda ake sa wa wanda ya ci kambi da alkyabba a ɗora shi kan karaga. A 2001 ya sa dala miliyan ɗaya, Donnie Moran ya kwashe. A 2004 ya sayar wa Tony Stewart, zakaran NASCAR, wato babbar gasar tseren motoci ta Amurka, shi Stewart ɗin ne ya jawo gasar motocin a-kori-kura ta NASCAR a 2013.

Amma kada Eldora ta ruɗe ka. A ƙananan filayen daren Asabar, manomi ne da bakanike ke haɗa mota a bayan gida, matarsa da 'ya'yansa ne masu canjin taya. Abin da zai ci sau da yawa ba ya mayar masa da kuɗin taya da mai.

Injiniya_Maradi: Malam Direba, in ka koma don Allah ɗauko mana hoton ƙarƙashin motar ta baya. Ina son ganin yadda suka ɗaure aksul ɗin.