"Sauran duk 'yan rakiya ne": rikicin injiniya da abokan aikinsa a kan ginin rukunin gidaje

Injiniya: Jama'a ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cina. An buɗe wani rukunin gidaje da ni na yi wa lissafin ƙarfe da kankare tun daga harsashi har rufi. A allon da aka kafa bakin ƙofa akwai sunan mai kamfani, akwai na mai zane, har da na bankin da ya ba da rance. Ni ko oho. Mai zane ya fito da baranda doguwa ba ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinta, wai don ta yi kyau a hoto. Wa ya zauna ya lissafa kaurin rodi, ya tsaya a kan ma'aikata sai da suka ɗaure shi ta saman kankaren ba ta ƙasa ba, don kada ta karye da mutane? A aikin gini injiniya ne mai aiki, sauran duk 'yan rakiya ne.

Mai zane: 'Yan rakiya? Yallaɓai, kafin ka taɓa kalkuleta wa ya ba ka abin lissafawa? Ni ke zama da mai kamfani in fitar da gida nawa filin zai ɗauka, ina titi zai bi, ta ina iska za ta shiga ɗaki. Gidan da ba ya faɗuwa amma ba ya zaunuwa, wa zai saya?

Safiyo (mai awon fili): Ku biyun duk a bayana kuka zo. In na kuskure iyaka da mita ɗaya, layin gidaje guda ya shiga filin maƙwabci, da zanenku da lissafinku.

Barista: Safiyo, kai ma a bayana kake. Filin da takardarsa ke da tangarɗa, ƙarfin ginshiƙin Injiniya ba abin da zai ƙara sai wahalar da mai katafila ranar rusau.

Baba magini: Yaro, ni ka kira ɗan rakiya? Tun kana zanen gida da alli a ƙasa nake ɗora bulo. Wanda zai zo da farar hular kwano da takalmi mai tsafta, ya ɗauki hoto, ya shiga mota kafin rana ta yi zafi, shi ne mai aiki, mu da muke wuni a kan katako mu ne muka rako shi?

Injiniya: Baba, wallahi ba da kai nake ba.

Baba magini: "Duk" ka ce. Ko ba ka lissafa ni cikin mutane ba ne? Wannan ya ma fi muni.

Mai aikin famfo: Ku tsaya a bi abin a hankali. Ɗan rakiya shi ne wanda zai kai ka ƙofa ya juya. To ranar buɗewa ku duka kuka juya. Ni ake kira bayan shekara in bango ya jiƙe ko banɗakin sama yana ɗiga a falon ƙasa. Da wannan ma'aunin, Injiniya kai ne shugaban 'yan rakiya.

Mai zane: Kuma rabin ɗigar nan daga ku ne, masu fasa ginshiƙi don bututu ya wuce.

Mai aikin famfo: Da kin bar wa bututu hanya a zanenki ai da ba a fasa ba, Hajiya.

Ɗalibin injiniyanci: Da izinin manya. Ni a ganina mai gwajin ƙasa ne kan gaba, kuma ba wanda ya ambace shi. Hasumiyar Pisa ta Italiya an fara ta a 1173, ba a gama hawa na uku ba ta fara karkata, saboda ƙasar wurin mai laushi ce kuma harsashin bai yi zurfi ba. Ba zane ne ya gaza ba, ba kuma maginan ba.

Dillali: Ƙanina, wannan karkatar ce ke kawo musu masu yawon buɗe ido daga ko'ina a duniya. Da ta miƙe wa zai san ta? Ka ga amfanin wanda ya iya tallar abu ke nan.

Ɗalibin injiniyanci: Yaya, kai za ka kwana a gidan da ya karkata?

Dillali: Ni sayarwa nake yi, ban ce kwana ba.

Mai zane: Tunda an fara kawo misali, a je gidan wasan Opera na Sidni a Ostireliya. Duniya sunan wa ta riƙe? Jørn Utzon, mai zane. Allon da kake kuka a kai, Injiniya, ba yau aka fara ba.

Injiniya: Kin kawo mini shaida da kanki. Rufin nan da kike taƙama da shi, shekaru aka kwashe ana neman yadda zai tsaya, kuma injiniyoyin kamfanin Ove Arup ne suka sha wahalar lissafinsa. Utzon ɗin ma a 1966 ya bar aikin ya tafi. Wa ya raka wani a nan?

Mai ƙididdigar kayan gini: Ku biyun kun tsallake wurin da ya shafe ni. An yi kiyasin dalar Ostireliya miliyan 7, aka ƙare a miliyan 102. An fara a 1959, ba a buɗe ba sai 1973. Gwamnati ce ta iya jure wannan. Mai gina gidajen sayarwa da kuɗin rance, in haka ta same shi, a harsashi aikin zai mutu.

Baba magini: Ni ban san Sidni ba. Abin da na sani har yanzu ba a janye kalmar nan ba.

Injiniya: To Baba, tunda ka matsa. Wa ke ƙara wa kwaɓi ruwa in na juya baya, don ya yi sauƙin zubawa? Ruwan da ya wuce ƙima ƙarfin kankare yake ci. Sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma makon farko ana so a yi ta ba shi ruwa ta waje kada ya bushe da wuri. Ku kuwa a ciki kuke zuba ruwan, a waje ku hana shi.

Baba magini: A'a, nan ka taɓa wanda ba shi ba. Tambayi ɗan kwangila. Shi ke zuwa ya ce a cire katako da turakun da ke tallafe da dakin, wato rufin kankare, tun bai ƙosa ba, wai hayarsu na cinsa.

Ɗan kwangila: Ni ina karanta saƙonninku ban ce uffan ba, sai da aka jawo ni. Baba, mu yi maganar buhunan simintin da ke shiga sito da yamma su ragu da safe?

Baba magini: Ka ce ɓarawo ne ni kawai, kowa ya ji.

Ɗan kwangila: Ban ce ba.

Injiniya: Kai da aka rubuta maka rodi mai milimita 16 ka sayo mai 12, kana cewa ai bambancin huɗu ne kacal? Ƙarfen da ke cikin mai 12 kaɗan ya haura rabin na mai 16. Kada ka yi wa Baba wa'azi.

Baba magini: Yawwa ɗana, faɗa masa.

Mai zane: Ikon Allah. Yanzu kuma ɗanka ne?

Mai ƙididdigar kayan gini: Don Allah ku saurara. A 1995 katafaren kantin Sampoong ya rufta a Seoul ta Koriya ta Kudu, mutum 502 suka mutu. Ginin hawa huɗu aka tsara. Mai shi ya sauya amfanin ginin ana cikin aiki, ya sa aka cire wasu ginshiƙai don a sa matakalar lantarki, daga baya aka ɗora hawa na biyar. Kamfanin ginin da ya ƙi yarda da sauyin, korarsa ya yi. Ranar da abin ya faru an ga tsagewa tun da safe, ba a fitar da masu sayayya ba. Ƙwararru ba su yi ƙaranci a wurin ba. Wanda ke sa hannu a cekin kuɗi ne ya ga dama ya ji maganarsu ko ya ƙi. Ni tambayar da ta dame ni ke nan: a cikinmu wa ke iya cewa "a'a" aiki ya tsaya?

Barista: Ni, da takardar kotu.

Safiyo: Bayan an mutu ke nan, Barista.

Ɗan kwangila: Ni dai ina jiran Injiniya ya faɗi aikin da na sa mai 12, in ba haka ba ya nemi gafarata.

Dillali: To jama'a, a matsayina na mai kula da wannan zaure, bari in taƙaita don dare ya yi. Na ɗaya, Injiniya ya gane kalmar "rakiya" ta yi tsauri, kuma mun ɗauka ya janye. Na biyu, kowa ya kawo hujja, ta Hajiya mai ƙididdiga ta fi tsawo. Na uku, kuma nan ne na ga bakin mafi yawa ya zo ɗaya, gini ba ya tashi sai da kuɗi, kuɗi kuma ba ya zuwa sai da mai saye. Kamfanin gina gidaje na Evergrande da ke Sin a da yana da injiniyoyi da masu zane ba adadi, amma da bashi ya haura dala biliyan 300 ya kasa biya a 2021, gidaje suka tsaya ba a gama ba, a 2024 kotun Hong Kong ta ce a sayar da kadarorinsa a biya masu bi. Saboda haka wanda ke kawo mai saye shi ne kan gaba, sai lauya, sai sauran. An rufe.

Injiniya: Ban janye ba. Kuma bakin wa ya zo ɗaya da naka?

Mai zane: "Sai sauran"? Wato kai ma 'yan rakiyar ka mai da mu.

Baba magini: A buɗe. Ɗan kwangila bai faɗi buhu nawa ya ce sun ɓata ba, kuma makullin siton a hannun ƙaninsa yake.