Neman shawara: an kawo mini jaririyar kyanwa, ba ta cin komai sai kuka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san kiwon kyanwa ku taimaka mini. Wata ƙawata ce ta kawo mini 'yar mage, uwarsu ta ɓace ta bar su, aka rarraba 'ya'yan. Ban taɓa riƙe ƙarama irin wannan ba. Idonta a buɗe yake, shuɗi-shuɗi, tana tafiya amma da tangal-tangal. Na zuba mata madarar shanu a murfi, ta ɗan lasa, tun daga nan take zawo. Na sa mata nama, ta shinshina ta kau da kai. Da daddare kuka take yi har muryarta ta dusashe. Kuma ina ganin wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe suna gudu a cikin gashinta. Me zan ba ta, kuma sau nawa a yini? Zan iya yi mata wanka? Wallahi tausayinta ya hana ni barci.

Uwar Maguna:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri da kika karɓe ta. Kafin maganar abinci, sai mun san kwananta nawa a duniya, domin abin da ya dace da mai mako 6 yana iya halaka mai mako 2. Ɗaga leɓenta a hankali ki duba bakin. In babu haƙori ko ɗaya, ba ta wuce mako 2 ba. In ƙananan haƙoran gaba ne kaɗai suka leƙo, tana wajen mako 3. In fiƙoƙi sun fito, masu tsini kamar allura, ta kai mako 3 zuwa 4. Na gefe kuwa sai daga mako 4 zuwa 6. In kina da sikelin kicin ki ɗora ta. Ana haifarsu da nauyin kusan giram 100, mai mako 4 kuma tana kaiwa giram 400 zuwa 450.

Madarar shanun nan ki tsayar da ita yanzu-yanzu. Sukarin da ke cikinta ya fi ƙarfin hanjin kyanwa, shi ne ke sa zawon, kuma ba ta da maiƙo da sinadarin gina jiki kamar nonon uwarta. Ga jaririya, zawo ba ƙaramin abu ba ne, cikin yini guda ruwan jikinta zai iya ƙarewa.

Mai tambaya:
Na duba Anti. Fiƙoƙi sun fito, na gefe ba su fito ba. Nauyinta giram 370.

Uwar Maguna:
To tana gab da mako 4 ke nan, kuma ta ɗan rame. Har yanzu madara ce abincinta, shi ya sa ta ƙi naman. Ki nemi madarar gari da aka yi don jariran maguna, irin su KMR, wajen masu sayar da kayan dabbobi ko asibitin dabbobi, tare da 'yar fidarsu. In babu fida, sirinji marar allura zai yi. Ki dama yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, kada ki ƙara kauri don son ta yi ƙiba. Ɗiga a bayan hannunki, ta zama da ɗumi kawai.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne yadda za ki kwantar da ita. A kan cikinta, ƙafafu huɗu a ƙasa, kai a ɗan ɗage, yadda take shan nonon uwarta. Kada ki kuskura ki kwantar da ita rigingine kamar jaririn mutum, kada kuma ki matsa sirinjin da ƙarfi. Madarar na iya bin hanyar numfashi ta shiga huhu, kuma wannan na kashe su. In kika ga madara na fitowa ta hanci, ki dakata nan take. In ta kama da kyau za ki ga kunnuwanta suna motsi tana turmusa hannunki da ƙafafun gaba. A wannan shekarun, duk bayan awa 4 zuwa 5 ya isa. Waɗanda ba su kai mako 2 ba ne ake tashi musu duk awa 2 zuwa 3, dare da rana.

Sannan ki taɓa tafin ƙafarta da kunnenta kafin kowane shayarwa. In da sanyi, ki fara ɗumama ta a jikinki tukuna, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da komai. Kukan daren nan ma rabinsa sanyi ne da kewa. Da can a cikin tulin 'yan'uwanta take kwana. Ki sa ta a kwali da bargo mai laushi, ki naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul ki ajiye a gefe ɗaya, ki bar ɗaya gefen fili don ta janye in zafi ya ishe ta.

Baban Yara:
Ni fa ina ganin ana tsawaita abin. Mun tashi mun ga maguna suna shan madara suna cin ragowar abinci, kuma sun rayu. Ki tsarma madarar da ruwa kawai.

Dakta:
Malam, waɗanda suka rayu su muka gani, waɗanda zawo ya tafi da su ba a lissafa su. Kuma waɗancan suna da uwa a gefe, suna kuma farauta. Tsarma madarar shanu yana ƙara rage ɗan amfanin da ke cikinta ne kawai. Kyanwa maciyiyar nama ce zalla. Tana buƙatar wani sinadari da ake kira taurine wanda jikinta ba ya yin isasshe, rashinsa kuma yana lalata ido da zuciya. Don haka abincin kare ma ba ya maye gurbin nata. Ragowar abincinmu kuwa yawanci da albasa da tafarnuwa, su biyun suna fasa ƙwayoyin jininta.

'Yar'uwa, ƙwarin da kike gani ƙuma ce, kuma ita ta fi damuna. A jiki mai giram 370, ƙuma tana iya shanye jini har ya kai ga mutuwa. Duba dasashinta: ya kamata ya zama ja-ja mai damshi. In ya yi fari fat, ko yana danƙo, ko ta yi laƙwas ta ƙi shan madara sau biyu a jere, kada ki jira gari ya waye, ki kai ta asibiti. Ko ba haka ba ma, mai zawo a wannan ƙanƙanta ya kamata likita ya gan ta cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ki cire ƙumar da mataji mai ƙananan haƙora, kina tsoma shi a ruwan sabulu. In sun yi yawa, wanka na minti kaɗan da ruwan ɗumi, ban da kai, ki tsane ta sarai nan take. Duk maganin da kika ga an rubuta permethrin a jikinsa, ko aka ce na kare ne, kada ya taɓa ta. Guba ne ga maguna, yana sa karkarwa da farfaɗiya. Haka farasitamol: ko ɓarin ƙwaya yana iya kashe babbar kyanwa, balle wannan.

Maganin tsutsar ciki ya riga ya kamata a fara, likita zai auna gwargwadon nauyinta, a maimaita duk mako 2 a farkon nan. Allurar riga-kafi ta farko tsakanin mako 6 zuwa 9, a riƙa maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har ta kai kusan mako 16. Ta ciwon haukan kare kuma daga mako 12. Kafin nan ki tsare ta a ɗaki, kada ta haɗu da maguna na waje.

Maman Biyu:
Ba wanda ya yi maganar bayan gida! Uwarsu ce ke lasar su sannan su yi fitsari da kashi, har wajen mako 3 zuwa 4. Bayan kowace madara ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa ƙasan wutsiyarta a hankali har ta yi. Ki kuma ajiye mata faranti marar zurfi da yashin maguna, ki ɗora ta a kai bayan ta ci. Da kanta za ta fara tono. Amma ban da irin yashin da ke dunƙulewa in ya jiƙe, don ƙanana suna ɗanɗanawa ya toshe musu hanji.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na samo madarar, ta sha har ta yi barci a tafin hannuna. Dasashin ja ne, kuma gobe da safe za mu je asibiti. Yaushe zan fara ba ta abinci sosai?

Uwar Maguna:
Alhamdu lillahi! Ki bari zawon ya tsaya tukuna. Daga nan ki dama jiƙaƙƙen abincin gwangwani na 'ya'yan maguna da madararta ya yi ruwa-ruwa, ki lakato a yatsa ki shafa mata a leɓe. Ranar farko za ta taka shi da ƙafa ta ɓata fuska duka, ki goge ta kawai, ki cike mata da fida. Kullum ki rage madarar kaɗan ki ƙara kauri, zuwa mako 7 ko 8 ta bar fida gaba ɗaya, ta koma ci sau 4 a yini da ruwa mai tsabta a gefe, a kwano marar zurfi. Ki riƙa auna ta kowace safiya ki rubuta. Ƙarin giram 10 zuwa 15 a yini shi ake so. In nauyin ya tsaya kwana biyu ko ya ragu, ki kira likita ko da tana wasa. Ki kuma kwashe zare da roba daga inda take, don da ƙafarta ta yi ƙwari su za ta fara haɗiya.